Shekarar Da Aka Ce An Yi Mini Kurciya

Ranar sunan jikata ta wajen 'yata Rabi na zauna a bakin zaure ina kallonku, sai na ga tabarma biyu. 'Ya'yana da jikokina a kan guda, 'ya'yan ƙanena Ilu a kan guda, a tsakani kuma fili wanda jaki zai iya bi da kaya. Da aka kawo abinci daga gidan Ilu, na ji da kunnena wata a cikinku tana ce wa yaronta kada ya taɓa. Ba zan kama suna ba, ta san kanta. Kun ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Bai toshe ba, abin da na ga dama ne nake ji. Tun ranar raina yake a ɓace. Ilu ya riga mu gidan gaskiya, uwarku Asabe ma haka, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka ga abin da ya faru ni kaɗai na rage, don haka zan faɗa muku shi tun daga tushe, ku karanta, ku kuma kai wa 'ya'yan Ilu su karanta.

Abin da kuka taso kuna ji shi ne wai Ilu ya yi mini kurciya, irin asirin nan da ake yi wa mutum ya kasa zama a gidansa, ƙafarsa ta yi ta jansa daji, don ya ƙwace mini baƙin ciniki. Wai na shekara ina yawo kamar taɓaɓɓe kafin a karya abin. Ƙarya ce. Na yi tafiyar, baƙin kuma sun koma wurin Ilu, waɗannan biyun gaskiya ne. Amma abin da ya fitar da ni daga zaure ba wanda ya binne mini shi a ƙofar gida. A gabana yake, da shi nake kwana da shi nake tashi. Tumbina ne.

Da ƙafa na shigo Minna, a bayan shanu. Ina saurayi ɗan koren shanu ne ni. Mukan ɗauko garke daga arewa mu gangaro ta Zungeru, mu ƙetare kogin Kwara, mu kai Ilori, mu juyo da goro a ka. Jikina a lokacin kamar tsumagiya. A wannan hanya na san Buba, wani Bafulatani sa'ana, wanda muka sha ruwan kududdufi ɗaya muka kwana ƙarƙashin itace ɗaya har muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Sannan jirgin ƙasa ya canza mana sana'a. Fatake suka ga saniyar da aka koro da ƙafa takan zubar da namanta a hanya, wadda aka sa a tarago kuwa takan isa Ikko da kitsenta. Buba ya koma kiwo, ya kafa ruga a bayan Maitumbi, da can duk daji ne, kuma kada ku yi dariya, ba don ni aka sa wa wurin suna ba. Ni kuma na gina gida kusa da tasha na zama fatoma, na aika gida aka turo mini Ilu ya riƙa taimaka mini.

Aikin fatoma zama ne. Ka sauki baƙo, ka ba shi ɗaki, ka samo masa tarago, ka haɗa shi da mai saye, ka tsaya masa in magana ta taso, duk a kan buzu ɗaya. Kuma ba a barin baƙo ya ci abinci shi kaɗai, cin fuska ne. In fatake suka sauka kashi-kashi, kowane kashi sai na sa hannu a akushi tare da su. Ga ƙasar nan ta doya ce. Mu da muka taso a kan tuwon gero muka zo muka tarar da sakwara, muka kama ta kamar za a hana mu. Hannun uwarku kuwa bai san rowar man shanu ba. In zan je kara, inda ake cinikin shanu, doki ake jawo mini. Tun ina ɗage rigata in kalli cikin ina mamaki har na daina, telana ya riƙa ƙara ƙyalle yana yi mini kirari. Ku sani, a zamanin nan ƙiba ba abin kunya ba ce, shaida ce. Masu saye da ke zuwa daga kudu sukan dubi cikina kafin su dubi shanun. Akwai wani dattijo a cikinsu da ya taɓa ce wa abokan tafiyarsa, ina ji:

"Ku sauka a nan. Mutumin da ya tara wannan ba zai gudu da kayan kowa ba. Ko ya so ma ba zai iya ba."

Muka yi dariya, ni har da hawaye, don na ɗauke shi yabo.

Dariyar ta ƙare a filin idi, wata babbar salla, wajen shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Dama na jima ina jin sujada tana yi mini wuya, sai in yi ta a gurguje in ɗago ina haki. Ran nan liman ya tsawaita. Na kai goshina ƙasa, cikin ya tokare mini ƙirji, numfashi ya tsaya, duniya ta yi duhu. Da na farfaɗo sai na gan ni a kwance a gefe, rawanina a ƙasa, ana yi mini fifita da hula, yara sun kewaye ni. Ƙarti ne suka kama ni suka tayar. Daga ranar ban ƙara gwadawa ba. Na je wurin malamin unguwarmu, ya ce addini sauƙi ne, in zauna in yi nuni da kai, sallata ta yi. Na san gaskiya ya faɗa. Aka kifa mini wani tsohon turmi a masallaci, wani a gida, na riƙa salla a kai. Amma in an idar, mutane suna fitowa kowa da ɗan yashi a goshinsa, ni nawa goshin fes, sai in sunkuyar da kai in wuce. Ba ciwon da ya kwantar da ni, ba karaya na yi ba, ba tsufa ba ne. Da hannuna da bakina na gina abin da ya shiga tsakanina da ƙasa. Sama da shekara biyu ina haka. Ƙafafuna suna kumbura, barci kuwa sai a jingine, minsharina har baƙi sukan yi ƙorafi a ɓoye.

Wata ranar kasuwa Buba ya shigo gari, ya tarar da ni ina la'asar a kan turmi. Ya jingina da sandarsa yana kallona har na sallame. Shi ba ya kirana maigida, Kaɗo yake ce mini tun muna samari, yadda Fulani ke kiran Bahaushe.

"Kaɗo, wa zai yanka ka?"

Na ce, "Wace irin gaisuwa ce wannan?"

"Na ga an turke ka ana zuba maka dusa. A wurinmu in aka yi wa sa haka, wuƙa ake wasawa."

"To me kake so in yi?"

"Ka kwance igiyar. Shanunka da ke hannuna rabonka da ganinsu tun yaushe? Ka zo ka gan su. Amma ka bar dokin nan a gida, shi ma ya huta da kai."

Na zage shi, ya rama, ya tafi. Amma maganar ta zauna. Ni ɗan koren shanu ne, na ga yadda hanya ke cinye kitse. Na ce a raina abin da ya yi saniya zai yi mutum: in na taka, cikin zai zube, in ya zube zan kai goshina ƙasa. Sai na je wurin Danladi. Danladi Bagware ne, Kirista, tsohon soja, shi ke kula da babban sikelin rumfar kaya a tasha, inda ake auna buhunan gyaɗa da fatu. Mutumin kirki ne mai riƙe sirri. Na lallaɓa da tsakar rana, 'yan dako sun tafi cin abinci, na hau sikelin nan kamar buhu. Ya tura ƙarfen awon har sandar ta daidaita, ya ɗauki ƙusa ya yi ɗan zane a wurin. Ya ce da irin Hausarsa:

"Megida, a soja akwai wani saje, tumbi nasa ya fi naka. Maci, maci, maci, har wando ya fadi. Kai yi tafiya kullum, wannan kaya zai sauka. Bayan kaka ka dawo mu gani."

Farkon damina na fara. Ina idar da asuba sai in ɗauki tsohuwar sandata in fita. Ranar farko ban kai ko'ina ba, a gindin wata ɗorawa na zauna ina haki, cinyoyina sun goge juna sun yi ja. Matan Gwari suka zo wucewa da kayan doya a kafaɗa, irin ɗaukarsu, wata tsohuwa a cikinsu ta tsaya ta tambaye ni ko a kira mini mutanen gida. Tsohuwar da a haife ta haife ni, da kayan da ya kai rabina! Na ce mata hutawa nake yi. Kashegari na wuce ɗorawar da kaɗan. A hankali a hankali har ranar da na hango bukkokin Buba, ya fito yana tafa hannu yana kiran matarsa ta zo ta ga giwa.

A nan ne kuma matsalar ta taso, wadda ban yi tunaninta ba. A garin nan kowa yana tafiya da ƙafa, amma kowa da dalilinsa. Mai zuwa gona, mai ɗebo ruwa, mai kai kaya kasuwa. Babban mutum mai doki a turke ya fita da sassafe, ba kaya, ba bara a bayansa, ya nufi daji ya dawo jiƙe da gumi, kullum, wannan ba wanda ya taɓa gani. Da farko aka ce na karye, na sayar da dokin. Sai aka leƙa aka ga doki yana nan yana cin harawa. To in ba talauci ba ne, mene ne? Ban san bakin da ya fara furta kalmar ba, amma kafin gero ya yi bununi duk unguwa ta ɗauka: an yi wa fatoma kurciya. Kada ku ce na yi shiru. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, na buga cikina na ce saboda wannan nake tafiya, so nake ya ragu. Suka dubi juna da tausayi. Wa ya taɓa jin mutum yana gudun abin da kowa ke roƙon Allah ya ba shi? Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce:

"Haka abin yake, wanda aka yi wa ba ya sani. Allah ya warware."

Uwarku ta fi kowa shiga damuwa. Ta sa aka yi mini rubutu, na sha don a zauna lafiya. Ta yi turare a ɗakina har idona ya yi ja. Amma babban tsoronta ba asirin ba ne, kada in rame. A wurin matan zamanin nan ramar miji abin gori ce ga matarsa, a bakin rijiya za a ce ba ta iya tukunya ba, ko ba ta riƙe shi da zuciya ɗaya ba. Sai ta ƙara hannu. Malmalar da take biyu ta zama uku, man shanu har yana kwanciya a kan miya. Ni kuwa tafiyar ta buɗe mini ciki, yunwa irin ta samartaka ta dawo. Ina isa ruga matar Buba za ta miƙo mini ƙwaryar fura da kindirmo, in shanye. In dawo gida in tarar da akushi, in share. Ban ga laifin haka ba. A ganina wanda ya yi aiki ya ci abinci.

Ciniki kuwa ya fara lalacewa. Safiya ita ce lokacin fatoma, lokacin ne ake rabon taragai, lokacin ne ake kama ciniki a kara, ni kuma lokacin ina daji. Ilu ke zama a madadina, kuma yana yi da kyau. Amma baƙo maigida yake so ya gani. Da maganar kurciya ta kai kunnensu sai abin ya wuce rashin ganina. Mutumin da ƙafarsa ke jansa, wa ya san ranar da za ta ja shi gaba ɗaya, da amanar mutane a hannunsa? Wata rana bayan la'asar Ilu ya same ni ni kaɗai a zaure, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Yaya, don Allah ka zauna. Ko na wata guda ne, bakin mutane ya mutu."

Na ce, "In na zauna wata guda ba zan ƙara tashi ba. Na san kaina."

"To ka koma yin ta da yamma."

"Da yamma ruwa ke sauka, ka sani. Kuma mai cewa kurciya da safe, da yamma ma kurciya zai ce."

"Mutanen Gusau sun ɗaure kayansu. Sun ce in ba ka dawo daidai ba za su koma wani gida, sauran kuma su za su bi."

Ku sani ina son zauren nan. Da guminmu muka gina sunansa, kuma ina son a shigo a ce ina maigida. Na dubi buzuna, na dubi kifaffen turmin da ke jingine a lungu. Na ce:

"Kai ba ka da zaure ne?"

Ya ɗago ya dube ni. "Yaya, za a ce na ci amanarka."

"Ni na ce ka ci? Ka kwashe su. Gara su zauna a gidan ɗan'uwana da su tafi gidan bare."

Ilu ya yi kuka ran nan, babba da shi, mai mata da 'ya'ya. Ya ce:

"Zan yi don ka ce. Amma wannan maganar za ta bi ni har kabari."

Ta kuwa bi shi. Kwana kaɗan da komawar baƙi gidansa aka samu wanda za a ɗora wa kurciyar. Na musanta a masallaci, na musanta a kara, na musanta wa uwarku a ɗaki. Duk wanda na gaya wa sai ya ce Allah sarki, har kare shi yake yi.

Aka yi kaka, aka fara haƙar doya. Zaurena ya yi tsit, sai kaji. Abin da ke riƙe da ni shi ne zanen ƙusar nan na Danladi. Na zaɓi rana na tafi da hantsi, na jira rumfar ta yi sauƙi, na hau sikeli gabana yana faɗuwa. Danladi ya tura ƙarfen, ya dawo da shi, ya buga sandar da yatsa, ya ce in sauka in sake hawa. Na leƙa da kaina. Tsakanin tsohon zane da inda ƙarfen ya tsaya, ko faɗin yatsa bai cika ba.

"Megida, ya sauka kadan," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Kadan."

Damina guda cur ina taka laka. Na rasa baƙina, an mai da ni abin tausayi, an ɓata sunan ƙanena, ga tumbi yana nan inda na bar shi. Ba tsuntsu ba tarko. Na fito daga tasha zuciyata tana tafasa, ban bi ta gida ba, na miƙe sai rugar Buba, don in sauke masa abin da ke cikina. Na same shi a gindin itace yana tufka igiya. Ban ko yi sallamar kirki ba na fara. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce:

"Daga ina kake yanzu?"

"Daga tasha."

"A ina ka huta?"

Ban huta ba. Tasha ta fi gidana nisa da rugar, ga rana ta take, kuma na iso da sauran numfashin da zan yi masa masifa.

Ya nuna garkensa da haɓa. "Kaɗo, ka manta shanu. Waɗancan da muke korawa Ilori, tafiya ce ta ramar da su? Da rani muke kora su, ba mu barinsu su sa baki a ƙasa. Dubi nawa. Kullum suna tafe, kullum suna kiwo. Ka ga ramammiya? Saniyar da ke tafiya tana ci ba ta ramewa, ƙarfi take yi. Kai kana tafe kana kiwo, a nan ƙwarya, a gida akushi, sannan ka zo kana zagina."

Gaskiya ya faɗa, amma mai fushi ba ya son gaskiya. Na ce masa na gama, daga yau ba zai ƙara ganin ƙafata ba, gobe zan sa a ɗaura wa doki sirdi. Ya ce to, amma azahar ta yi, mu yi salla tukuna. Duk zuwan da nake yi da safe ne, ban taɓa kai azahar a rugar ba. Muka yi alwala. Mai salla a zaune ba ya jan na tsaye, don haka shi ya shige gaba, na tsaya a damansa a kan yashi, kamar yadda muka yi shekara da shekaru a hanyar Ilori. Allah ya yafe mini, hankalina ba ya kan sallar, yana kan sikeli. Ban tuna da turmi ba, shi ma bai kawo ba, kuma har ya mutu bai gaya mini ko da gangan ya yi ba. Ya yi kabbara na yi, ya yi ruku'u na bi, ya ɗago na ɗago, ya tafi ƙasa na tafi. Sai da na ji ɗumin yashi a goshina sannan na san inda nake.

Na jira duhun nan ya zo. Bai zo ba. Cikin yana nan, ya tokare cinyoyina, amma numfashi yana shiga yana fita. Na yi tasbihi na ƙara, na ƙara. Buba ya yi kabbara, na dafa ƙasa na ɗago da kaina, ba wanda ya kama ni. Sauran raka'o'in ban san yadda na yi su ba, hawaye ya hana ni ganin gabana. Da muka sallame Buba bai juyo ba. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, can ya ce:

"Sai a gaya wa dokin ya ƙara haƙuri."

Na dawo gida da la'asar sakaliya. Ban share goshina ba, duk hanya ina kaffa-kaffa kada gumi ya wanke shi. Uwarku tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago za ta fara faɗan ina na shiga tun safe, sai ta tsaya da rariya a hannu. Ta matso. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa.

"Malam, wannan fa?"

Na ce, "Abin da nake nema ke nan a dajin."

Ta zauna a kan tabarma ta rufe fuskarta da gefen zane. Da ta buɗe sai ta ce:

"To me ya sa ba ka ce salla ba ce? Kullum tumbi, tumbi."

Ni ma ban san ana iya samun ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Daga baya na zauna na duba abin da tafiyar nan ta yi mini ina can ina kallon sikeli. Kumburin ƙafa ya tafi tun tsakiyar damina, takalmina ya gaya mini ban saurara ba. Ina kwanciya in miƙe kamar kowa, in yi barci har asuba. Yawan ƙishirwa da kasalar da ke danne ni bayan azahar sun ragu. Zafin rai ma, in ji uwarku, ko da yake ku da kuka san ni za ku ce da saura. Cikin kuwa bai fara sauka ba sai da muka yi sulhu da tukunya. Uwarku ta yarda ta rage hannu, bisa sharaɗin in wata ta yi mata gori ni zan je in ba da amsa. Na ce wa matar Buba rabin ƙwarya ya isa. A hankali ya ragu, har tela ya rage mini riguna, amma ban taɓa komawa tsumagiya ba, kun dai gan ni. Don haka in ɗayanku ya tambaye ni ko tafiya tana rage ƙiba, abin da na gani a jikina zan faɗa masa: ita kaɗai kaɗan take ragewa, in baki yana mayar da abin da ƙafa ta fitar. Amma wanda ya bar ta don sikeli bai motsa ba ya yi wauta, ni ma saura ƙiris in yi ta. Sa'o'ina na zaure da muka yi ƙiba tare, waɗanda suka riƙa yi mini Allah ya warware, na raka da yawansu makwanci tun gemunsu bai gama fari ba. Rai na Allah ne, ban ce tafiya ta ƙara mini kwana ba. Na dai ce kwanakin da aka ba ni a tsaye na ci su.

Baƙin ba su dawo ba, ban kuma neme su ba. Na koma saye da sayar da 'yan shanuna, na yi noma, muka ci muka sha, ba kamar da ba. Gidan Ilu ya yi sama, nawa ya tsaya inda yake, kuma na san wannan ne ya sa ƙaryar ta yi muku daɗin riƙewa. Mutanen gari da suka ga na ci gaba da fita amma ina dawowa lafiya sai suka ce rubutun uwarku ne ya karya rabin asirin. Ita kanta ta je har gida ta ba Ilu haƙuri, a gabana, amma ku lokacin kuna ƙanana, abin da kuka ji a bakin rijiya shi ya zauna muku. Ilu bai taɓa yanka rago bai aiko mini da cinya ba. Bai taɓa zama a kan buzu ina wurin ba. Ranar da zai rasu ya kama hannuna ya ce, "Yaya, ka gaya musu." Na ce na sha gaya musu. Ya ce, "Ka rubuta."

To ga shi na rubuta. Jiya da asuba na kai goshina ƙasa, yau ma na kai, kuma duk ranar da na kai sai na tuna wanda ya ɗauki baƙin suna don in samu wannan. An ce zumunci a ƙafa yake. 'Ya'yan Ilu suna unguwar Barkin Sale, kun san gidan, ko da yake kun iya kau da kai in kun zo wucewa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan ɗauki sandata in kama hanya, kuma duk abin da suka zuba mini a kwano zan ci. Kada wanda ya kawo mini mota. Wanda ya ga dama ya biyo ni a baya. Wanda bai ga dama ba, ya zauna a gida ya ce an sake yi wa tsohon kurciya.